Ba Sabis Ne Ya Ɗauke Ba

Auta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga yayanki da nisa ya cinye. Yaya gwiwar Baba, tana barinsa ya taka ƙasa kuwa? Yaya idon nasa? Ina mijinki da yaran? Ni lafiyata ƙalau, in ban da ciwon bayan nan da ya zame mini abokin zama. Ya saba da ni, na saba da shi.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga mutumin da ke da waya a aljihu. Dalilin kin san shi. Saƙon muryar nan da na jefa a guruf ɗin gida, a tsaye na yi shi bakin lokar ajiye kaya a wurin aiki, raina a ɓace, yatsa ya tura kafin kai ya gama tunani. Babban Yaya ya ce wanda ba ya nan ya daina yi wa na nan ihu. Sai na fice daga guruf ɗin, na sayi biro. Ita takarda tana barin mutum ya yaga ya sake. Wannan da ke hannunki ba ita ce ta farko ba.

Maganar dai ta kiran bidiyon nan ce, wanda a ciki aka yanke cewa Baba zai bar gidansa da shagonsa na kafinta ya koma wurin Babban Yaya, can bene hawa na uku. Bari in faɗa miki abin da na gani daga nan. Baba yana zaune a bakin gadonsa, ke kina tsaye kin riƙe masa wayar. Babban Yaya yana tuƙi, ido ɗaya a kanmu, ɗaya a titi. Matarsa tana shiga tana fita. Ni ina hutun rana, injuna na ruri a bayana. Yaya ya jero dalilansa, kuma ban ce ya yi ƙarya ba: tun rasuwar Inna, Baba shi kaɗai yake kwana, ya faɗi a banɗaki, ido ya yi rauni. Sannan ya ce, "Baba, ka yarda?"

Baba ya yi shiru. Matar Yaya ta ce, "Sabis ne ya ɗauke, ga hoton ya tsaya." Ke kuma kika janye wayar daga fuskarsa, kika ɗaga ta wajen taga kina girgizawa. Kafin ki dawo da ita, Yaya ya ce, "To, shiru ma amsa ce. Allah ya sa haka ya fi alheri," ya kashe don danja ta ba shi hannu. Ban koma bakin aiki ba sai da guruf ya cika da hoton babban yatsa, har daga waɗanda ba su shiga kiran ba.

Auta, hoton da ya tsaya ba ya shafa gwiwa. Na ga hannunsa yana kai da komo a ƙasan hoton. Kin manta yadda yake yi da masu kawo aiki? Mutum zai ce a yi masa kabad iri kaza, Baba ya ɗauki katako ya juya, ya shafa, ya sake juyawa, har mai aikin ya fara tsarguwa. Inna takan ce mana, "Ku ƙyale shi, aunawa yake yi kafin ya yanka." In "to" ce a bakin Baba, da gudu take fitowa. In ya daɗe, to akwai abin da ke tafe.

Ni a ganina ba ya so. Wanda ya hau hawa na uku da wannan gwiwar, ba zai sake saukowa da ƙafarsa ba. Bencin ƙofar shago fa, inda suke wuni da Baba Mai Aski tun kafin a haife ki? Za a ɗauki bencin ne har da shi a hau da su?

Gaskiya mai ɗaci ita ce tun da Inna ta rasu ba wanda ya zauna da Baba. Ina roƙonki ki sake tambayarsa kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya a gidan nan.

Yayanki na nesa.


Yaya,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwar Baba tana nan yadda ka bar ta, idon kuma likita ya ƙara masa maganin ɗigawa. Yara suna gaishe ka. Ka yi haƙuri da takardar, daga littafin lissafin ƙaraminsu na yago ta, mu nan ba ma ajiye takardar wasiƙa.

Na karanta taka sau ɗaya a tsaye, sau ɗaya a zaune, kuma duk biyun wuri guda ya tsaya mini a wuya. "Ba wanda ya zauna da Baba." Sannu, Yaya. Allah ya saka da alheri.

Mota biyu nake shiga kullum kafin in isa gidan. Ni ke ɗiga masa magani, ni ke wanke masa kaya, ni ke yanke masa farce. Ranar da ya faɗi a banɗaki, ni na same shi, ni na ɗaga shi, har yau kafaɗata ba ta dawo daidai ba. Kai a lokacin me ka aiko? Hoton hannu biyu ana addu'a. Inda ba ƙasa, nan ake gardamar kokawa.

Wayar da kake gani a hannuna ba wasa nake da ita ba. Da ita nake sayar da atamfofina, da ita makarantar yara ke nemana, da ita kai ma kake tambayata ko Baba ya ci abinci. In na ajiye ta, wa zai amsa maka?

Ni ma ban ce ina son hawa na uku ba. Amma na gaji, Yaya. Wannan kalmar ban taɓa rubuta ta a guruf ba, don a can kowa zai turo mini fuska mai hawaye ya wuce. Na gaji. Mijina ya fara yi mini irin shirun da na san ma'anarsa. In Baba ya koma wurin Babban Yaya, aƙalla akwai mai jin faɗuwarsa.

Ka ce ba ya so. To ai bakinsa na nan. Tun ranar kiran bai ce mini komai a kai ba, kullum kuma ina gidan. An riga an yi magana da mai motar kwasar kaya, ƙarshen wata mai zuwa. Baba Mai Aski ya ji labari, ya zo ya yi masa Allah ya sa alheri, tun daga nan ya rage zuwa.

In kana da wata dabara wadda ba bayana ne zai ɗauke ta ba, ina jinka.

Ƙanwarka.


Auta,

Assalamu alaikum. Takardarki ta daɗe a hanya, har na fara zaton kin yanke ni. Na gode Allah da jin kuna lafiya. Ki shafa wa kafaɗar nan magani, kada ki raina ta. Nawa bayan ma da haka ya fara.

Kin yi gaskiya a kan hoton hannu biyun nan. Kin kuma yi gaskiya cewa nauyin a wuyanki yake, mu biyu maza muna ba da umarni, ɗaya daga mota, ɗaya daga wata ƙasa. Da na san haka layin nan zai sauka a kanki, da na yaga takardar ita ma. Ban ce ba kya yi masa hidima ba. Ko maƙiyinki ba zai faɗi haka ba. Zama nake nufi, kuma da kaina na fara lissafin waɗanda ba su yi ba.

Bari in ba ki labarin aikina, wataƙila ki gane inda na dosa. Zannuwan gadon asibitoci muke wankewa. Ni a injin guga nake. Zanin yana da faɗi, mutum ɗaya ba ya iya saka shi, sai biyu: ni na kama gefe, abokin aikina ya kama gefe, mu ja ya miƙe, mu saka a tare. In ɗaya ya riga ɗaya, zanin ya shiga a karkace, injin ya cukuikuye shi. Ba a shiga da waya, kowa tasa tana loka. Mutumin nan ba ya jin yarena, ba na jin nasa. Amma wuni muke muna kallon juna, don dole in san lokacin da ya shirya. Yanzu daga yadda ya kama zani ina gane ranar da bai yi barci ba. Ranar da aka aiko masa mahaifiyarsa ta rasu, na sani kafin a gaya mini.

Da an buga ƙararrawar hutu kuwa, sai ki ga manya da gemu suna rige-rigen loka. Mu zauna a dogon tebur, kowa ya sunkuya kamar masu tsintar allura. Mutumin da na wuni ina karanta fuskarsa, ga shi a gefena, ban san yana nan ba. Ni ma ina cikinsu, kada ki ɗauka waliyyi ne ke rubuto miki. Duk tunanin da na yi a kan Baba, a bakin injin nan na yi shi, inda aka ƙwace mini wayar da ƙarfin doka. Da an bar mini ita, da ni ma babban yatsa na tura na wuce.

Kin ce bakinsa na nan. Haka ne. Amma ki tuna da kyau: in kin tambaye shi abu ya fara shafa gwiwa, me kike yi kafin ya amsa? Ba zargi ba ne, tambaya ce. Zuwana na ƙarshe, na tambaye shi yaya shago, ya yi shiru, na ce bari in duba saƙo ɗaya kafin ya shirya. Da na ɗago, ya riga ya juya yana kallon titi. Ya ce, "Lafiya lau." Baba ba ya magana da tsakiyar kan mutum.

Abu ɗaya nake roƙo, ba zai ƙara wa bayanki nauyi ba. Ki bar wayar a kicin, ki rufe ta da kwano in ta kama. Ki zauna a gabansa, ki ce, "Baba, me kake so?" Sannan ki yi shiru har sai ya gaji da naki shirun. Kada ki taimaka masa da kalma. In ya ce zai tafi hawa na uku, wallahi na rufe bakina, ni zan fara ba Babban Yaya haƙuri. In ya ce a'a, to ba ke kaɗai za ki ɗauki a'ar ba, sai mu zauna mu raba.

Yayanki.


Yaya,

Wa'alaikumus salam. Duk muna lafiya, kafaɗa da sauƙi. Baba yana ci yana sha.

Na yi abin da ka ce, ba don na huce ba, don in samu abin rufe maka baki. Na sa wayar cikin jaka, na rataye a kicin, na jawo kujerar Inna gabansa. Na ce, "Baba, maganar komawa wurin Yaya, me kake so?"

Ya kalle ni, ya kalli hannuwana. Ina jin wayar yake nema. Sannan ya fara shafa gwiwa.

Yaya, ban san shiru yana da nauyi haka ba. Ina jiyo wayar tana kuka daga kicin, na san mai atamfa ce, ƙafata har ta motsa da kanta. Na ƙirga katakon silin. Na ga yanar gizo a bayan agogo wadda kullum nake shara ban gan ta ba. Na ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Sau biyu na buɗe baki zan ce, "Ko dai ba ka so ne?" na tuna ka ce kada in taimaka. Har na fara jin haushinka sabo.

Can sai ya ce, "Ke kin gaji."

Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "Kin gaji. Ina jin yadda kike ajiye jaka."

Kai da Babban Yaya duk kun yi kuskure, ka ji in faɗa maka. Ba a'a ce kawai a bakinsa ba. Tun kafin ya faɗi a banɗaki suke shawara da Baba Mai Aski a kan bencin nan. Shi ma matarsa ta rasu, shi kaɗai ne a ɗakin haya, 'yarsa tana ta matsa masa ya koma garin da take aure. Sai suka shirya Mai Aski ya dawo ɗakin Inna da zama. Shi idonsa garau, ƙafarsa garau, kunne ne ya yi nauyi. Baba kunnensa garau. Ya ce, "In ka haɗa mu biyu, za a samu tsoho ɗaya mai lafiya." Mai Aski zai riƙa ɗiga masa magani, ni in riƙa leƙowa ranar da na samu sarari, ba kullum ba.

Na ce, "To Baba, me ya hana ka faɗa ranar nan?" Ya ce yana neman yadda zai sa maganar ne kada Babban Yaya ya ji kamar an ƙi gidansa a gaban ƙannensa da matarsa. Ya samo farkonta, yana neman ƙarshenta, sai ya ga an ɗauke wayar an kai taga. Ya ce, "Da na ga har kun yi addu'a, sai na ce ba a kwance addu'a."

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Ranar kiran ina tsaye a ɗakin, taku ɗaya tsakanina da shi, aka ce mini daga wata unguwa wai hotonsa ya tsaya, na yarda.

Amma ga inda maganar ta ɓaci. Baba Mai Aski ya tafi. Da ya ji an sa ranar kwasar kaya, ya ɗauka Baba ne ya sake shawara, shi kuma ba mai tambaya ba ne. Ya sallami ɗakinsa, 'yarsa ta zo ta tafi da shi. Takardarka tana hanya ya tafi, Yaya. Da ka kira ni ka faɗi abin da ka rubuta, ko da ihu ne, da na same shi a kan benci. Kai ma ka auna wannan.

Na ce wa Baba a kira shi. Ya ce a'a, mutum ya riga ya shiga gidan 'yarsa, ba za a mayar da shi kayan aro ba. Ya ce, "Shi ke nan. Ku hau da ni." Ya fara naɗe zartunansa a tsumma. Da sauri ya faɗe ta, amma ba irin saurin da ka ce ba.

Ga lambar 'yar Mai Aski a bayan takardar nan, maƙwabciyarsu ce ta ba ni. Ni Baba ya hana ni. Kai bai hana ka ba.

Ƙanwarka.


Auta,

Assalamu alaikum. Na ji muryarki ɗazu, don haka ba sai na tambayi lafiya da tsawo ba. Abin da na faɗa miki a waya a gurguje, cewa ki dakatar da mai mota, shi ne na gaggawa. Wannan kuma ta zama ce. Ki karanta wa Baba a hankali.

Maganarki ta same ni inda ya kamata. Na yi fushi da waya har na mayar da jinkiri ibada, tsoho ya kwashe kayansa ina nan ina gyara layi. Ba zan kare kaina ba. Da takardarki ta iso, ban nemi biro ba.

Babban Yaya na fara kira. Na ce ya faka motar tukuna, ya ce shi ba yaro ba ne, na ce zan jira. Ya faka. Na gaya masa duk abin da Baba ya ce, har da dalilin shirun. Sai ya ce, "Ni ya ji wa kunya?" Ya ce in Mai Aski zai dawo, shi da kansa zai je ya ɗauko shi, kuma zai sa a kafa ƙarfen riƙewa a banɗakin.

Sannan na kira 'yar Mai Aski da bidiyo. Mace mai kirki, amma ba ta ji daɗi ba, kuma tana da gaskiyarta: ta gyara ɗaki, ta samu ubanta kusa da ita. Ban roƙe ta komai ba sai ta riƙe masa wayar. Yana zaune a kujerar roba a baranda, ba kowa a gefensa, gemunsa ya yi buzu-buzu. Mai aski, Auta.

Na ɗaga murya saboda kunnensa. Na ce, "Baba, abokinka bai fasa ba. Mu ne muka katse shi. Ɗakin Inna yana nan."

Ya zuba mini ido. Bai motsa ba. Abokin aikina yana gefena a teburin hutu, ya leƙo, ya yi mini alama da hannu wai hoton ya tsaya. Can na ji 'yar tana cewa, "Ina jin sabis ne, bari in kashe in sake kira." Ban san lokacin da na daka tsawa ba: "Kada ki taɓa!" Duk teburin suka ɗago kai. Tun da na zo wurin nan ban taɓa ganin fuskokinsu gaba ɗaya ba sai ranar.

Muka jira. Aka buga ƙararrawar komawa aiki, ban tashi ba. Abokin aikina ma bai tashi ba, don zani ba ya shiga da mutum ɗaya.

Da Mai Aski zai yi magana, ba ni ya yi wa ba. Ya juya ga 'yarsa ya ce, "Uwata, kin yi mini komai. Amma a nan ba wanda ya san ni da baƙin gashi." Ta ce sai dai in zai riƙa ɗaukar waya in ta kira. Ya ce in Kafinta ya ji wayar tana kuka ya gaya masa, zai ɗauka.

Sai ya dawo gare ni. Auta, nan ki ɗaga murya, ki faɗa wa Baba yadda aka faɗa mini. Ya ce, "Ka gaya wa wannan tsohon, shekara nawa ina ce masa ya riƙa magana kafin kabad ya ruɓe. Kuma ƙafar bencin nan ta hagu tana rawa. Ya kwance zartonsa ya gyara kafin in iso, in ba haka ba ba zan zauna ba."

In kin gama karantawa, kada ki tashi da wuri. Zai ce wani abu.

Yayanki na nesa.